Gumnaam da Gidajen da Ya Yi Aro

Gumnaam fim ne na Indiya mai launi da ya fito a 1965 cikin harshen Hindi. Raja Nawathe ne ya ba da umarni, N. N. Sippy ya ɗauki nauyi, Shankar da Jaikishan suka tsara kiɗa. Ma'anar sunan ita ce marar suna, wanda ba a san ko wane ne ba. Ana lissafa shi cikin finafinan kisa da fargaba, amma wanda ya kalle shi har ƙarshe yakan tashi da dariyar Mehmood a bakinsa kafin ya tuna yawan gawarwakin da aka kwantar. Wannan haɗin gambiza na tsoro da raha shi ya raya fim ɗin tsawon shekaru, kuma kowane ɓangare nasa yana da gidan da aka aro shi.

Labarin yana farawa da kisa biyu a jere. An sa mota ta take wani attajiri mai suna Sohanlal, wanda ya kitsa abin kuma, Khanna, bai gama murna ba wani da ba a nuna fuskarsa ya harbe shi. Daga nan sai a koma wani gidan rawa inda ake sanar da mutum bakwai cewa sun ci kyautar tafiya ƙasar waje. Cikinsu akwai Asha, 'yar ɗan'uwan Sohanlal, wadda Nanda ta fito a matsayinta, da lauya Rakesh, wato Pran, da Kitty, wato Helen, da likita Acharya, wato Madan Puri, sai Kishan da Dharamdas da wani dattijo mai sanyin magana da ake kira Sharma. Jirginsu ya sauka a wani wuri da ba kowa bisa hujjar ya sami matsala. Suna fita shan iska ya tashi ya bar su, tare da ma'aikacin jirgin, Anand, wanda Manoj Kumar ya taka. Suka bi muryar wata mace da ke waƙa a daji har suka iske wani katafaren gida, an dafa abinci, an shirya tebur, kukun gidan kuma ya san da zuwansu. A nan suka ci karo da wani kundi da ke cewa dukkansu suna da hannu a wani laifi, kuma hukuncinsu mutuwa ne. Sai aka shiga ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙashin bayan wannan labari na Agatha Christie ne, marubuciyar Ingila, daga littafinta And Then There Were None na 1939, wanda aka ƙiyasta an sayar da kwafi sama da miliyan 100. A littafin mutum goma ne a wani tsibiri da ke gaɓar Devon. Wanda ya gayyace su ya sa hannu da U. N. Owen, suna da in aka karanta shi a haɗe yake ba da kalmar Turanci mai nufin wanda ba a sani ba, kuma a nan ne sunan Gumnaam ya dace da uwar gidansa. Bayan cin abincin dare sai faifan garmaho ya kama magana, yana kiran kowa da sunansa yana faɗa masa ran da ya salwantar, laifin da kotu ba ta iya kama shi da shi ba. A kan tebur akwai 'yan gumaka goma, duk wanda ya mutu sai ɗaya ya ɓace. A bangon kowane ɗaki kuma an rataye wata waƙar yara da ke faɗin yadda kowace mutuwa za ta zo.

Ƙarfin littafin yana cikin abin da Hausawa ke cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa a tsibirin ya san abin da ya aikata, don haka tsoronsa biyu ne, na wanda ke farautarsa da na abin da ke ƙirjinsa. Mai kisan kuwa tsohon alƙali ne, Wargrave, wanda ciwon ajali ya kama, ya ƙudurta zartar da hukuncin da doka ta gaza zartarwa. Dabararsa ita ce ya lallaɓi likita Armstrong ya shaida wa sauran cewa an kashe shi, don ya sami damar yawo ba mai zarginsa. Ba wanda ya tsira. Sai a takardar da ya sa cikin kwalba ya jefa teku aka san yadda abin ya faru.

Gumnaam ya ɗauki wannan dabara kusan yadda take. Kundi ya maye gurbin garmaho, jirgin sama ya maye gurbin kwale-kwale, likita Acharya ya yi aikin da Armstrong ya yi: shi ya ce Sharma ya mutu, alhali Sharma na nan da ransa, kuma ladan da likitan ya samu shi ne wuƙa. Amma ƙarshen fim ɗin bai bi littafin ba, kuma ba Indiyawa ne suka fara kauce masa ba. Christie da kanta, da ta mayar da labarin wasan dandamali a 1943, ta ga 'yan kallo ba za su so a rufe labule kan gawa goma ba, sai ta wanke mutum biyu daga laifi, Vera da Lombard, ta bar su da rai da soyayya. Darakta ɗan Faransa René Clair ya bi wannan hanya a fim ɗin da ya yi a Amurka a 1945, ya kuma ƙara masa raha: baƙi na leƙen juna ta kafar makulli, kowa na bin bayan wani a sanɗa, baran gidan ya bugu don baƙin cikin ana zarginsa. Ke nan tun shekara ashirin kafin Gumnaam an riga an gano cewa wannan labari yana karɓar dariya. A 1965 ɗin ma wani fim na Ingila, wanda George Pollock ya yi, ya sake ɗaukar labarin ya kai shi kan dutse mai ƙanƙara.

Abin da Gumnaam ya zubar a hanya shi ne alƙalin, kuma asara ce ta gaske. Sharma ya tashi a Madanlal, ɗan fasa-ƙwauri da abokan harkarsa suka ci amanarsa, ya dawo ɗaukar fansa. Anand kuma ashe jami'in 'yan sanda ne da ya ɓad da kama. Da haka tambayar da ke hana mai karatun Christie barci, wato ko mutum ɗaya yana da ikon naɗa kansa kotu a kan masu laifin da suka kuɓuce wa shari'a, ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne mugu da ɗan sanda, kuma an san wanda zai yi nasara. Fim ɗin kasuwa na Bombay a wancan zamani ba ya barin jarumi da jini a hannu, ba ya kuma barin doka ta ji kunya. Shi ya sa rabin fim ɗin na biyu bai kai na farko nauyi ba, duk da a cikinsa aka fi yin kisa.

Gidan da kansa, da muryar macen da ke yawo cikin dare, ba daga Christie suka zo ba. Gadon gida ne. A 1949 Kamal Amrohi ya yi Mahal, da Ashok Kumar da Madhubala, inda wani saurayi ya shiga tsohon gida ya riƙa jin waƙar wata mace da ba ya iya cim mata, kuma waƙar ce ta ɗaga sunan Lata Mangeshkar. Daga nan abin ya zama al'ada. Bimal Roy ya yi Madhumati a 1958. Biren Nag ya yi Bees Saal Baad a 1962, wanda ya jingina da labarin Sherlock Holmes na karen gidan Baskerville, har da ɗan binciken barkwanci a ciki, sannan ya yi Kohraa a 1964 daga Rebecca, labarin Daphne du Maurier da Alfred Hitchcock ya mayar fim a 1940. A 1964 kuma Raj Khosla ya fitar da Woh Kaun Thi? da Manoj Kumar ɗin nan da Sadhana. Saboda haka ɗan kallon 1965, da ya ji muryar Lata tana fitowa daga duhu, ya san yaren: akwai fatalwa ko abin da ya yi kama da ita. Gumnaam ya yi amfani da wannan sabo ya karkatar da hankali zuwa ga aljanu, alhali mai kisan yana zaune a tebur ana miƙa masa abinci. Waƙar ta kuma yi aikin da 'yan gumakan Christie ke yi, domin duk sa'ad da ta dawo sai gaban mai kallo ya faɗi, ya fara ƙirga waɗanda suka rage.

Karin wannan waƙa shi ma aro ne, daga wani wuri da ba a zata ba. Duk wanda ya saurari kiɗan da Henry Mancini ya yi wa fim ɗin Charade na 1963 zai gane shi nan take. Shankar da Jaikishan sun rage masa sauri, suka lulluɓe shi da amsa-kuwwa, abin da yake kiɗan soyayya a birnin Paris ya koma kukan kurwa a daji. Charade, wanda Stanley Donen ya yi da Cary Grant da Audrey Hepburn, shi ne zakaran gwajin dafi a irin finafinan da ke haɗa kisa da raha, har masu sharhi kan ce shi ne fim ɗin Hitchcock mafi kyau da Hitchcock bai yi ba. Wata mata ce aka kashe mijinta, wasu tsofaffin sojoji suka taso ta gaba suna neman dala 250,000 da suka sace tare da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su ma aka shiga kashe su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke taimakonta yana ta sauya suna, ba ta san ko masoyi ne ko makashi ba, sai a ƙarshe ya bayyana ma'aikacin gwamnati ne, kuɗin kuma an mayar da su kan sarki masu tsada an manna a ambulan. Kamannin da ke tsakanin wannan mutum da Anand a fili yake: jarumin da ake zargi, wanda ke ɓoye aikinsa har wa macen da yake so.

Ta wannan ƙofa ce inuwar Hitchcock ta shigo. Shi Hitchcock bai cika son labarin wa-ya-yi-kisan ba, don a ganinsa wasan ƙwaƙwalwa ne da ke ajiye daɗinsa duka sai minti na ƙarshe. A hirarsa da François Truffaut, wadda ta fito a littafi a 1966, ya bambance bazata da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In mutum biyu na hira bam ya tashi ba wanda ya sani, ɗan kallo zai firgita na 'yan daƙiƙoƙi. In kuwa an nuna masa bam ɗin da agogonsa tun farko, hirar banza ma sai ta zama abin da ba ya iya kawar da ido daga kanta. Gumnaam ya ci daga kwano biyun. Sunan mai kisan bazata ce irin ta Christie. Amma kundin da aka karanta tun da wuri shi ne bam ɗin Hitchcock: an riga an gaya wa mai kallo za a mutu, don haka in Kitty na rawa a bakin teku, ko ita da Asha sun sha sun bugu suna waƙa, nishaɗin yana tafe da ɗaci. Hitchcock ɗin kuma shi ya nuna tun a The 39 Steps na 1935 da The Lady Vanishes na 1938, har zuwa North by Northwest na 1959, cewa dariya ba ta kashe fargaba, hutu take ba jijiya don ta iya ɗaukar firgici na gaba.

A nan aikin Mehmood ya fito. Ya zo a kuku mai ɗaure da zanen maza na kudancin Indiya, da riga mai ratsi-ratsi, da ɗan guntun gashin baki, yana magana da karin harshen mutanen Hyderabad, wanda masu jin Hindi ke yi wa dariya tun kafin a kai ga ma'ana. Irinsa tsoho ne a finafinan tsohon gida mai duhu, tun The Cat and the Canary na 1927 da The Old Dark House na 1932, inda ma'aikacin gida kan zama ko abin tsoro ko abin dariya. Mehmood ya haɗa biyun. Cikin waɗanda ake gani a gidan, shi kaɗai ne ba a cikin jirgin ya zo ba, shi ya san gidan, shi ke dafa abin da kowa zai ci, kuma take-takensa na nuna akwai abin da yake ɓoyewa. Mai kallo na dariya yana kuma tambayar kansa ko wautar nan ta gaske ce. Da za a cire shi, da an rasa abin dariya an kuma rasa babban wanda ake zargi. An sa sunansa cikin 'yan takarar kyautar Filmfare ta mataimakin jarumi saboda wannan rawa, haka ma Helen a ɓangaren mata, kuma yaron da aka riƙa kira Junior Mehmood ya yi suna ne da kwaikwayon rawar kukun a fim ɗin Brahmachari na 1968.

Akwai wuri ɗaya da rahar ke da ƙaiƙayi ga mai kallo baƙar fata. Shahararriyar waƙar kukun, wadda Mohammed Rafi ya rera, ta ginu ne kan cewa shi baƙi ne yana son farar mace, yana roƙon a dubi zuciyarsa. Ana iya jin ta a matsayin kare kai, amma an shirya fitowar ne don a yi dariyar mai wannan fata da ya hango abin da ya fi ƙarfinsa. Littafin Christie ma da ya fara fitowa a Ingila sunansa na ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙaƙe, wadda aka ɗauko daga waƙar yaran da ke cikinsa. Mawallafan Amurka suka sauya sunan a 1940, Ingila kuwa ta daɗe tana buga shi da tsohon suna. Wannan tabo yana jikin ayyukan biyu, kuma ƙwarewar da ke cikinsu ba ta goge shi ba.

Dabarar da ta fi kowace kaifi a fim ɗin tana cikin zaɓen 'yan wasa, kuma ɗan kallon ƙasar Hausa ya fi kowa saurin faɗawa tarkonta. Finafinan Indiya sun shigo Arewa ne tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima, a Kano da sauran birane, mutane suka shekara da shekaru suna kallonsu ba fassara.  Wanda ya tashi a Arewa yana kallon Indiya ba da kalmomi yake bin labari ba, da fuska yake bi. Ya san jarumi, ya san jaruma, ya san ɗan barkwanci, ya kuma san bos tun daga yadda ya ɗaga gira. To a Gumnaam an tara masa bosawa uku a ɗaki ɗaya: Pran, wanda shi ne uban mugaye a finafinan wancan zamani, da Madan Puri, da Manmohan da ya fito a Kishan. Ido na kansu, sai a ga suna faɗuwa. Mai kisan kuwa Tarun Bose ne, wanda aka sani da fitowa a mutumin kirki, kamar uban riƙo a Sujata na Bimal Roy na 1959. Christie ta ɓoye makashinta a bayan rigar alƙali, Nawathe ya ɓoye nasa a bayan sabon da 'yan kallo suka yi da fuskoki. Wannan ƙari ne da takarda ba za ta iya ba.

Yanayin labarin ma ba baƙo ba ne ga mutumin da ya taɓa kwana a hanya. Mota ta lalace da dare tsakanin Azare da Potiskum, fasinjojin da ba su san juna ba sun sauko sun zauna a gefen titi, kowa na riƙe da jakarsa yana auna na kusa da shi, sai a sami wani mai baki ya kama ba da dariya, kowa ya ji sanyi ba tare da ya saki jakar ba. Tatsuniya ta riga ta koya wa yaro Bahaushe wannan zama, inda Dodo da Gizo ke cikin labari guda, ana ƙanƙame juna ana ƙyalƙyala dariya. Finafinan camama na Kannywood, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi wa sarauta har rasuwarsa a Disambar 2014, sun sha jefa wawa cikin masifa, amma galibi barkwanci ke cinye labarin, tsoron ba ya samun wurin tsayawa. Gumnaam ya riƙe ma'aunin ta hanyar raba aiki: mutum ɗaya ke ɗauke da dariya, mutuwa kuma in ta zo ba a wasa da ita.

Batun aro kuwa tsohuwar muhawara ce a nan gida, inda akan zargi masu shirya finafinan Hausa da wankin na Indiya. Gumnaam na nuna cewa Indiyar ma wanki take yi, kuma bambancin yana ga abin da mai aro ya yi da kayan. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya zuba su a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya sa musu sarki da waziri da aku, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Haka Nawathe, wanda ya koyi aiki a hannun Raj Kapoor, ya ɗauki lissafin Christie mai sanyi kamar ƙanƙara ya cusa masa waƙa da rawa da soyayya da kuku ɗan Hyderabad. Inda ya yi rauni shi ne inda ya tsoraci abin da ya aro, ya sassauta hukuncin. Inda ya yi ƙarfi shi ne inda ya dogara da abin da masana'antarsa ta ƙware a kai. Bayansa Vijay Anand ya ci gaba da wannan layi da Teesri Manzil a 1966 da Jewel Thief a 1967, wanda shi ma ya ɓoye mugunsa a bayan fuskar da kowa ya amince da ita, ta Ashok Kumar.

Aron bai tsaya a hanya ɗaya ba. Waƙar gidan rawa da ke farkon Gumnaam, Jaan Pehechan Ho, wadda Rafi ya rera da salon kiɗan samarin Amurka na lokacin, Laxmi Chhaya kuma ta yi rawarta sanye da baƙin abin rufe ido tana kaɗa kai kamar zai cire, ta koma inda aka samo salon nata. A 2001 darakta Terry Zwigoff ya buɗe fim ɗinsa Ghost World da ita, yarinya Ba'amurkiya na kallonta a talabijin tana kwaikwayon rawar a ɗakinta, kuma ta wannan fitowa ce da yawa daga masu kallo a Amurka da Turai suka fara jin sunan Gumnaam, shekara 36 bayan fitowarsa.